Nauyina da Zauren Gwaggo Tabawa

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya kawo cajin waya sai ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labarin Nijar. Wannan ya ce jandarmomi ne suka tsare ni, wancan ya ce aure na yi a can na ɓoye, wani har rantsuwa yake yi wai an gan ni a kasuwar Maigatari ina kokawa da raƙumi. Duk aikin Iro ne, taubashina, ɗan kawuna, wanda in ya ce maka gari ya waye sai ka leƙa waje ka tabbatar. To, yau zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, wallahi in cire wayarsa daga wuta tun ba ta farfaɗo ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabo. A Gumel in ka ce Sabo za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Sabo Buhu ko akuya ta nuna maka rumfata. Allah ya yi ni da jiki, ban roƙa ba, ban kuma raina ba. Abu guda ne ke ba ni kunya, tsoron bisa. Ko kan teburi na hau zan canja ƙwan lantarki sai in sauko in nemi yaro ya hau.

Gidanmu yana da tsohon zaure na ƙasa, mai daurin guga, irin rufin nan da ake lanƙwasawa da azara da laka babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Kakanmu ne ya yi tubalinsa da hannunsa. 'Yarsa, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage cikin manyan gidan, kuma tsufa ya ba ta izinin zama inda maza ke zama. Kullum da hantsi a nan za ka same ta da ƙwaryar furarta, tana yi wa mai shiga da mai fita faɗa.

Daminar bara indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a bisa, rufin ya tsage ta gefe ɗaya har kana hango sama. Da kaka ta yi sai Yaya Hamisu, babban wanmu, ya sa aka sauke bulo a ƙofar gida. Ya ce zai rushe zauren ya yi shaguna. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kar rufin ya rufto wa tsohuwa a ka.

Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce, "Hamisu, ta wannan ƙofa aka fita da ubana. Ta nan aka fita da ubanku. Ni ma ta nan za a fita da ni. Ba za a bi da gawata ta tsakanin mai taliya da mai ɗinki ba."

"Gwaggo, duk garin nan na tambaya, babu mai iya gyara shi. Masu wannan aikin sun mutu."

A satin nan na ga wani bidiyo a wayar da aka kawo caji, Turawa da hulunan kwano suna sassaƙa dutse suna gyara gine-ginen kakanninsu. Ban san lokacin da bakina ya riga hankalina ba. Na ce, "Ni zan koyo in gyara."

Yaya ya yi dariya har da riƙe bango, bangon ma ya zubo masa da ƙasa a hula. Da ya huce ya ce, "Na ba ka rani, Sabo. Ruwan farko ya sauka ban ga gyara ba, diga za ta yi magana."

Ranar tafiya Gwaggo ta kira ni ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsohon zaninta. Tubali ne guda da ya faɗo daga tsagar. Ta kama hannuna ta ɗora a kan wasu 'yan ramuka a jikinsa. "Yatsun Baba ne waɗannan. Ka kai wa masu sani su duba ciwon, ai ba a zuwa asibiti a bar mara lafiya a gida. Ka dawo mini da shi yadda na ba ka." Iro kuwa ba wanda ya gayyace shi. Ya ce zai raka ni kar in ɓata, alhali abin ba da labari yake nema.

Gagarawa muka fara nufa, don wani ya ce ya taɓa jin akwai mai aikin dutse a can. Direba ya dube ni ya dubi motarsa, ya ba ni gaba ni kaɗai. Duk da haka motar a karkace ta tafi, in an zo kwana sai ya ce wa na baya, "Jama'a, ku jingina hagu don Allah." A Gagarawa Tasha muka sauka na fara tambayar mai sassaƙa dutse. Mutane suka riƙa duban juna. Wani mai rake ya ce, "Malam, mu nan yashi gare mu. Dutse in ka gan shi baƙo ne. Sai dai ko Iya Kande."

Ashe Iya Kande dutsen niƙa take koɗawa. In ya yi santsi ya daina cin hatsi, ita ce ke bubbuga shi da makoɗi har kaushinsa ya dawo. Injin niƙa ya kashe mata kasuwa, don haka ta yi murna da samun mai son koyo. Ta zaunar da ni gaban nata dutsen, ta ba ni makoɗi ta ce, "A hankali, ɗana, kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukai." Na ƙwanƙwasa sau biyu sau uku, na ga abin ba ya sauri. Na tuna Turawan nan da gudumarsu, na ɗaga hannu na sauke. Sai ji muka yi ƙas! Dutse ya rabe biyu.

Iya ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon dutsen, sannan ta ce, "Ya girmi uwarka." Ta tashi ta jawo turmi da taɓarya da ƙwaryar gero ta dire a gabana. Tun da na fasa abin niƙa, ai sai in daka. Haka na tuɓe riga na kama daka a tsakar gidan mutane, matan maƙwabta sun jeru a kan katanga, Iro yana tafi yana ba ni kiɗa da baki. Da na gama ta ce garin bai yi laushi ba amma ta yafe. Daga baya na saya mata sabon dutse a Maigatari na aika, kar wani ya ce na gudu da haƙƙin tsohuwa.

Muna cin ɗanwaken da ta yi da garin sai ta ga ƙunshin Gwaggo. Na kwance na nuna mata, na ba ta labarin zaure. Ta ce, "Kai yaro, kanka ɗaya kuwa? Wannan ai ƙasa ce. Zauren ƙasa ya tsage, ka zo ka fasa mini dutse?" Ta ce mu je Sule Tankarkar mu nemi ɗan ƙaninta Mamman, ya taɓa zama hannun wani babban magini.

Masifar ita ce motar da muka samu sai ta biyo ta Gumel. Na naɗe fuska da rawani na sunkuya, amma ina! Muna shiga tasha wani ya ƙwala kira, "Sabo Buhu, har an gamo koyon?" Iro ya leƙa ta taga ya ce, "An gama darasin daka, saura tankaɗe."

Mamman mutumin kirki ne, sai dai yanzu bulon siminti yake bugawa. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawa ta ji har tana kiran mutum daga waje. Ya sauke mu a shagon ƙofar gidansa, inda zabinsa ke kwana. A Gumel baƙo ake ba gado, a gidan Mamman kuwa sai an roƙi zabi su matsa. Gadon kara ne. Da safe aka same ni kwance a ƙasa, karan a ƙarƙashina sun zama shimfiɗa, wata zabuwa tana tsaye a cikina tana duban gari.

Mamman ya ce shi bai kai ga koyon daurin guga ba, guduwa ya yi. "Baba Jatau ake ce wa maigidan nawa. Hannunsa zuma, bakinsa barkono. Ya ƙetara Nijar, wani ƙauye gaba da Maigatari, wai can ne har yanzu ake ganin girman ƙasa. Kuma ya daina karɓar 'yan koyo." Sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya zagaya bayana ya sake dubawa. "Amma kai zai karɓe ka."

"Don me?"

Ya ƙi faɗa. Dariya kawai ya riƙa yi har ya raka mu bakin titi.

Ranar Alhamis muka shiga Maigatari, kasuwa ta cika ta batse, shanu da raƙuma da manyan motoci kowa na neman hanya. Maganar kokawa da raƙumi ga yadda take. Sabuwar malafa na saya saboda rana. Ina tsaye ina cinikin soyayyar fara sai na ji kaina ya yi sanyi, na waiga na ga malafata a bakin raƙumi. Na kama gefe, ya kama gefe. Na ja, ya ja. Ya tafi da tsakiya ya bar ni da baki, na sa abina a wuya na wuce. Ban faɗi ba, kuma bai kayar da ni ba, duk abin da Iro ya ƙara a kai ƙarya ne.

'Yan acaɓa, waɗanda mutanen can ke kira kabu-kabu, suna hango mu suka yo kanmu, da suka gan ni da kyau suka koma kan Iro. Da ƙyar wani dattijo mai tsoron Allah ya ɗauke ni. In mun shiga yashi mai zurfi sai ya ce in sauka in tura, in mun fita ya ce in hau. Rabin hanyar ni na ɗauki babur ɗin.

Iyaka ba wani abu ba ce, igiya ce da aka ɗaura tsakanin ganguna biyu, da rumfa a gefe. Wani jandarma dogo ya amsa sallamarmu da "lahiya lau", ya duba katunanmu ya mayar mana. Sai ya nuna ƙunshin da na rungume.

"Mi ne ne cikin zanen?"

"Tubali ne, ranka ya daɗe."

Ya kwance ya juya shi ya kira abokin aikinsa. "Zo ka gani. Ya taho da ƙasa daga Najeriya." Ya dube ni. "Tamu ta ƙare ne?"

Suna dariya, har ya fara naɗe mini abina, sai Iro ya ga ba zai bari a yi raha ba da shi ba. Ya ce, "Ni dai, ranka ya daɗe, tun daga Gumel ko taɓawa ba ya bari in yi. Da shi yake kwana. Ban san me aka cusa a ciki ba."

Dariya ta ɗauke. Jandarman ya girgiza tubalin kusa da kunnensa, ya ce in yi haƙuri, aikinsu ne. Na roƙa, na rantse, na ba da labarin Gwaggo. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗora shi a kan benci ya buga masa gindin wuƙa. Ya rabe biyu. Babu komai a ciki sai busasshiyar ciyawa. Wallahi kuka na yi, ƙato da ni, a gaban mutane. Jandarman ya ji kunya ya sa aka ba mu shayi. Iro kuwa tun da uwarsa ta haife shi ranar ce ya fara yin shiru. Shi ya tattara ɓarin biyu ya naɗe a zanin, ya riƙe su a cinyarsa har muka isa.

Mun sami Baba Jatau a kan bangon tsohon masallacin ƙauyen, ya hau shi kamar jaki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa yana dasawa. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, baki ja wur da goro. Tun kafin mu gama sallama ya ce ba ya ɗaukar 'yan koyo, mu koma inda muka fito. Sai idonsa ya faɗa kaina. Ya sauko. Ya zagaya ni, ya tokari cikina da yatsa, ya ce in ɗaga ƙafa ya ga tafinta. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun kaka nake addu'a."

Na ɗauka hasken basira ya gani a fuskata. Na miƙa masa tubalin ina ba da haƙurin fashewarsa. Ya ce, "Wa ya fasa? Allah ya yi masa albarka, ya hutar da ni." Ya gatsa gefe ya tauna yana lumshe ido, ya ɓantaro ya ba ni. "Tauna. Me ka ji?"

"Ƙasa, Baba."

"Haɗiye. To, jar ƙasa ce ta bakin kududdufi, da ciyawa, da kashin doki. Wanda ya kwaɓa wannan ba rago ba ne."

A nan Iro ya warke daga shirunsa. Na roƙi Baba ya biyo mu Gumel ya yi gyaran da kansa. Ya ce, "Zauren ubana ne ko na ubanka? Ina da masallaci a gabana. In kana so ka tsaya ka gani da idonka. Shiga rami."

Ramin kwaɓa ne. Ana jiƙa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi a bar su su ruɓe har wari ya kori ƙuda, sannan a shiga a tattaka. Aikin ƙarti huɗu ne, ni kaɗai na riƙa yin sa, mutanen gari suna zuwa kallo da 'ya'yansu a kafaɗa. Iro aka ba jifan tubali, don ba shi da nauyin komai sai na baki. Na farko da ya jefa bai kai wurin Baba ba, a ƙeyata ya sauka. Ya ce kuskure ne. Na biyu ma a nan ya sauka.

Zaman ƙauyen nan ya koya mini abubuwa. Mu a Gumel fura abin marmari ce da rana. Su kuwa hura, kamar yadda suke faɗa, ita ce karin kumallo, ita ce ta rana, in ka yi ƙorafi a ƙara mata ruwa a sake miƙo maka. Burodinsu dogo ne mai tauri, in ya kwana kana iya korar kare da shi. Shayi kuma a ɗan kofin da bai fi babban yatsana ba, sai an yini ana dafa shi ana ɗaga buta sama, a ba ka kurɓi ɗaya ka yi godiya. Sun ce mu 'yan Najeriya ko gaisuwa muke yi kamar faɗa. Amma mutane ne masu amana. Ka manta takalminka a bakin rijiya, bayan kwana biyu ka same shi an juya maka shi yana kallon hanya.

Baba ba ya koyarwa da baki, da karan dawa yake koyarwa. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka kuskure ka ji shi a gadon baya. Da sannu ya fitar da ni daga rami ya sa ni yin tubali, daga nan ya ɗora ni kan ganguna a cikin masallacin, Iro na riƙe da su yana yi mini barazanar atishawa. A nan na ga yadda ake daurin guga. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cin ta. Ana dasa ta a bango a jere, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasa da shi, a ɗaure da igiya tamau, a lulluɓe da laka, a bar shi ya bushe sarai kafin a ƙara wani. Haka ake yi ta ɓangarorin biyu har su sunkuyo su haɗu a tsakiya. Sau ɗaya na ƙara sahu a kan ɗanyen aiki don in burge shi. Ya sa na rushe da hannuna, ya kuma hana ni hura ranar, wanda ban ɗauke shi horo ba.

Zafi ya fara tsanani aka gama rufin, aka shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama shiga. Ranar da aka cire itatuwan da suka tokare shi, gari duka ya taru. Baba ya ɗauki buzunsa ya shiga ya shimfiɗa a tsakiya, daidai ƙarƙashin inda bakunan suka haɗu, ya zauna ya ɓare goro. Sai na ga an jingina tsani, kowa kuma ni yake kallo.

Limamin garin ne ya yi mini bayani. Al'adar Baba ce, ba ya miƙa gini sai wanda ya fi kowa nauyi a gari ya hau ya yi tsalle a kai, shi yana zaune a ƙasa. Mahaucinsu ne ke yi, to ciwon sukari ya kama shi ya zube. Tun kaka Baba ke neman madadinsa. Sai a lokacin na gane dariyar Mamman, na kuma gane ba basira aka gani a fuskata ba.

Na ce ba zan hau ba. Aka ce to ba za a yi salla a masallacin ba. Ƙarti biyu suka ja ta sama, huɗu suka turo ta ƙasa, Iro yana ba da umarni. Na isa bisa na kwanta rub da ciki na rungume rufin ina salati. Muryar Baba ta fito daga ciki, "Tsalle na ce, ba sujada ba!" Na miƙe, na rufe ido, na yi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ko gezau rufin bai yi ba.

Da aka sauko da ni na tambaye shi, "Baba, da ya rufto fa?"

"Da ya rufto wa wanda ya ɗaura shi. Ko so kake ya jira masu salla?" Ya tofar da goro. "Wanda ya yi aikin shi ke zama a ƙasa. In ba za ka iya zama ba, kar ka taɓa zauren mutane."

Ranar da za mu taho ya ba mu azara aka ɗora a amalanke. Ya karɓi tubalin Gwaggo ya haɗa ɓarin biyu da sabuwar laka, ya kama hannuna ya danna yatsuna a kan haɗin. Bai ce komai ba sai, "Tafi, ka cinye mana gero."

Mun iso Gumel hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma yana komawa. Yaya Hamisu har ya yi magana da masu diga. Na durƙusa na miƙa wa Gwaggo ƙunshinta. Idonta ya yi rauni, da hannu ta shafa. Ta ce, "An fasa shi." Na ce an fasa. Ta ci gaba da shafawa. "Ga na ubana. Waɗannan kuma yatsun wa ne kamar rogo?" Na ce nawa ne. Sannan ta ce in mayar da shi cikin bangon inda ya fito.

Muka tokare rufin ni da Iro, muka buɗe tsagar, muka zare azarar da ruwa ya ruɓar, muka dasa sabuwa. Jiran bushewa ne ya kusa kashe ni. Kullum hadari na haɗuwa, Yaya na wucewa yana duban sama yana duban bulonsa, ni kuma hannuna na ƙaiƙayi in ƙara sahu, sai in ji kamar karan Baba a bayana in haƙura. Allah ya taimake mu ruwan ya yi ta wucewa gefe har muka shafa makuba muka gyara indararo.

Ranar cire tokara unguwa ta taru, don Iro ya riga ya baza labarin al'adar Baba. Na ɗauki tabarma zan shiga in zauna. Yaya ya ce, "To, kai ne magini, ka zauna a ƙasa. Wa zai hau?"

Aka dubi juna. Duk unguwar babu wanda ya kai rabina. Iro ya ce shi zai hau, wani ya ce ai gara a ɗora kaza. Aka ce a haɗa mutum uku, na ce Baba ya hana, nauyi a wuri ɗaya ake so ba a baje ba. Ana cikin wannan gardama ba wanda ya lura da Gwaggo. Sai da muka waiga muka gan ta a tsakiyar zaure, ta ja tabarmata ta zauna, ƙwaryar fura a gabanta.

Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki fito."

"Ka ce ka iya. In ƙarya kake, gara in sani yau da in sani tsakiyar damina. Hau."

Yaya ya shiga zai ɗauke ta, ta ɗaga ludayi ta ce, "Taɓa ni ka gani, Hamisu. Ni na yi maka wanka kana jariri." Ya fito yana share gumi.

Ban san yadda na hau tsanin ba. Ba wanda ya ja ni, ba wanda ya turo ni, ko ƙasa ban tuna da ita ba. Na tsaya a tsakiyar rufin, daidai kan aikina, na san tsohuwar nan tana ƙarƙashin tafin ƙafata. Duk sahun da na ɗaura ya riƙa dawo mini, ina tambayar kaina ko na ja igiyar nan sosai, ko wancan ya gama bushewa. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba. Ƙafata ta ƙi tashi.

Sai na ji murya daga cikin zauren, ba ta Gwaggo ba. "Sabo! Ga ni zaune kusa da ita. In kashe mu za ka yi ka yi sauri, rana tana yi."

Yaya Hamisu ne. Na yi bismilla na yi tsalle, na dira da duk abin da Allah ya ba ni.

Shiru. Ko tari babu. Na kasa kunne. Can sai muryar Gwaggo, "Hamisu, wai ya yi tsallen ne? Ce masa ya sake, ni ko ƙura ba ta faɗo mini a fura ba."

Na zauna a kan rufin na yi ta kuka mutane na sowa. Da hawayen suka ƙare na leƙa ƙasa, sai tsoron bisa ya dawo gaba ɗaya, ga shi Iro ya ɗauke tsani ya ce sai na amsa a gaban jama'a cewa raƙumi ya kayar da ni. Na amsa. To kun ji inda maganar ta samo asali, kuma amsar da aka karɓa a kan rufi ba amsa ba ce.

Ruwan farko ya sauka a makon, zaure bai ɗiga ba. Yaya ya yi wa awaki ɗaki da bulonsa. Jiya da hantsi na wuce Gwaggo a wurinta, na ce, "To Gwaggo, ga ƙofarki nan an gyara, ta nan za a fita da ke."

Ta jefe ni da ludayi ta ce, "Ɗan nema, wa ya ce maka sauri nake? Miƙo mini abina, furata na tsinkewa."